Biya Kaɗan-Kaɗan: Sabon Salon Kasuwancin Amfanar Al'umma da Inda Matasa Za Su Samu Shiga

A kusan kowace tasha da bakin kasuwa a Arewa akwai mai cajin waya, da 'yar rumfarsa, da ƙaramin janareta ko farantin sola, da jerin soket cike da caja. Lissafin da yake yi mai sauƙi ne: wanda ba shi da kuɗin sayen janareta yana da kuɗin caji ɗaya. Haka mai ruwa yake sayarwa jarka-jarka, haka mai injin niƙa yake karɓar kuɗinsa kwano-kwano. Kayan aiki mai tsada yana hannun mutum ɗaya, mutum ɗari suna morarsa, kowa yana biya gwargwadon abin da ya amfana.

A kan wannan tsohon lissafi ne wasu daga cikin fitattun kamfanonin fasaha na Afirka suka ginu a shekaru goma sha biyar da suka wuce. Abin da suka ƙara a kai shi ne waya. Ita ce ke karɓar kuɗin, ita ke riƙe lissafin, wani lokaci ma ita ke kunna kayan ko ta kashe shi. Matashin da ke neman sana'ar da za ta ciyar da shi kuma ta amfani unguwarsu zai so ya san yadda wannan tsari yake aiki, da inda yake da haɗari, da kuma ƙofofin da ya buɗe.

Mene ne kasuwancin amfanar al'umma?

Shi ne kasuwancin da aka kafa don warware wata matsala ta jama'a, kamar rashin wuta, ruɓewar amfanin gona ko rashin jari, amma yana sayar da kaya ko hidima don ya riƙe kansa. Ƙungiyar agaji tana raba kaya kyauta, ranar da tallafi ya yanke kuma aikin ya tsaya. Ɗan kasuwa zalla yana bin inda riba ta fi yawa. Shi wannan yana tsakiya: ana auna shi da kuɗin da ya shigo, ana kuma auna shi da halin da ya bar abokan cinikinsa.

Sunan da aka fi dangantawa da wannan tunani shi ne Muhammad Yunus, malamin tattalin arziki a Bangaladesh. A 1976 ya ranta wa mutum 42 a ƙauyen Jobra kuɗin da jimillarsu ba ta wuce dala 27 ba, domin ya raba su da masu ba da bashi da ruwa mai nauyi. Daga nan aka samu bankin Grameen a 1983, kuma a 2006 shi da bankin suka karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya. A lokacin, sai ma'aikacin banki ya taka ƙauye-ƙauye kowane mako da littafi a hannu yana karɓar biya. Wannan zirga-zirgar ita ce ke cin kuɗi, kuma ita ce waya ta zo ta rage.

Kenya: fitilar da ke jin an biya

A 2007 kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da M-Pesa a Kenya, hanyar tura kuɗi ta waya wadda ke aiki ko a kan ƙaramar waya mai madannai. Bayan 'yan shekaru, Nick Hughes, ɗaya daga cikin waɗanda suka jagoranci aikin M-Pesa, ya haɗu da Jesse Moore da Chad Larson suka kafa M-KOPA. Kalmar "kopa" a Swahili tana nufin ranto.

Matsalar da suka hango ita ce gidajen karkara suna kashe kuɗi kullum a kan kananzir da cajin waya, amma ba za su iya tara kuɗin sayen sola lokaci ɗaya ba. Sai suka ce mutum ya ba da kafin alƙalami ya tafi da akwatin sola mai fitilu da wurin caji, sannan ya riƙa biyan shilin 40 zuwa 50 a rana ta M-Pesa na tsawon shekara guda. Idan ya gama biya, kayan ya zama nasa, wutar kuma kyauta.

Sirrin yana cikin akwatin. An saka masa layin waya, yana magana da sabar kamfanin. Da kuɗi sun shiga, saba za ta tura saƙo a ƙara masa kwanaki. Idan kwanakin suka ƙare ba a biya ba, fitila ta ɗauke har sai an biya. Wasu kamfanonin suna amfani da wata hanyar da ta fi dacewa da inda babu sabis: mutum ya biya, a turo masa lambobi ta tes, ya danna su a jikin akwatin kamar yadda ake loda mitar wuta. Akwatin da sabar suna da mabuɗin sirri iri ɗaya da ƙidaya iri ɗaya, don haka akwatin yana iya gane lambar gaskiya ba tare da intanet ba, kuma lambar da aka yi amfani da ita sau ɗaya ba ta sake aiki. Mai sha'awar ganin yadda ake rubuta wannan zai iya duba OpenPAYGO Token, wanda aka saki kyauta ga kowa a GitHub.

Daga baya M-KOPA ya ɗauki wannan dabara ya ɗora a kan wayoyin Android. Ana saka manhajar kulle a can cikin tsarin wayar, irin su Knox Guard na Samsung, yadda ko an goge komai an mayar da ita sabuwa kullen yana nan. A 2024 kamfanin ya sanar da cewa abokan cinikinsa sun haura miliyan 5 a Kenya, Yuganda, Najeriya, Gana da Afirka ta Kudu.

Najeriya: sanyi, tarakta da taki

A Najeriya ma an ɗauki wannan lissafi an kai shi gona da kasuwa.

Duk wanda ya taɓa zuwa Kwanar Gafan ko 'Yan Kaba a lokacin da tumatir ya yi yawa ya san yadda kayan gwari ke faɗuwa da yamma. Manomi ba shi da inda zai ajiye, dole ya sayar a duk yadda aka taya. A 2015 Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa ColdHubs a Owerri ta jihar Imo. Ɗakin sanyi ne mai aiki da sola da batir, ana kafa shi a cikin kasuwa ko kusa da gonaki. Babu wanda ake ce wa ya sayi ɗakin. Ana zuba kaya a kiret ɗin roba mai ɗaukar kilo 20, a biya kuɗin kwana, wanda a shekarun farko naira 100 ne kan kowane kiret. Kamfanin ya ce kayan da ke lalacewa cikin kwana 2 suna iya kaiwa kwana 21. Abin da mai kayan yake saye a zahiri shi ne ikon cewa "ban sallama ba, sai gobe."

Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya fara a Najeriya a 2014, ya fuskanci wata matsalar. Yawancin manoma gonarsu hekta ɗaya ce ko biyu. Ba za su iya sayen tarakta ba, shi kuma mai tarakta ba zai ƙona man dizal ya yi tafiya mai nisa saboda hekta ɗaya ba. Da farko kamfanin ƙananan taraktoci yake sayarwa, amma da darajar naira ta faɗi kayan suka yi tsada, sai ya sauya hanya. Ya koma liƙa wa taraktocin mutane na'urar GPS mai nuna wa mai ita inda take, awa nawa ta yi aiki, da faɗin gonar da ta nome, don kada direba ya je aikin bayan fage. Sannan ya samar da wakilai a ƙauyuka masu manhaja a waya. Wakili yana bin manoma yana rubuta buƙatunsu har su taru su isa a kira tarakta, shi kuma ya samu kamasho. Manomin bai buƙatar babbar waya, wayar wakilin ta wadatar. Daga baya John Deere, babban kamfanin kera taraktoci na Amurka, ya zuba jari a ciki.

Babban Gona kuwa a jihar Kaduna ya fara a 2012, ƙarƙashin jagorancin Kola Masha. Ana haɗa manoman masara ƙananan rukuni na mutum uku zuwa biyar waɗanda suka yarda da juna, a ba su iri da taki da horo bashi, a bi gonakin ana dubawa da manhaja a waya, da kaka kuma a tattara amfanin a adana a sayar da yawa lokacin da farashi ya gyaru, a cire bashin. Wanda ya san adashi ba zai ga baƙon abu a nan ba: amana tsakanin mutanen da suka san juna ita ce jingina.

Abin da ya haɗa waɗannan huɗun shi ne, a kowannensu manhaja ƙaramin yanki ce ta aikin. Sauran duk batir ne, dizal, sito, mota, da mutanen da ke tsaye a rana.

Me ya sa yanzu?

Abubuwa uku sun haɗu a Najeriya. Na farko, biyan kuɗi ta waya ya zama ruwan dare. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tilasta wa mai shayi da mai nama buɗe asusu a OPay, Moniepoint ko PalmPay, ga kuma masu POS a kowace kwana. Karɓar naira 300 daga mutum dubu kullum, wanda a da sai an ɗauki ma'aikata, yanzu lambar asusu ce kawai.

Na biyu, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sauya lissafin janareta. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Mai aski, tela, mai sayar da ƙanƙara da manomin rani mai injin ban-ruwa duk sun fara tambayar kuɗin sola.

Na uku, akwai kuɗin da aka ware. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya fiye da miliyan 80 ba su da wutar lantarki, kuma a Disamba 2023 ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda hukumar samar da wuta a karkara, REA, ke gudanarwa ta hannun kamfanoni masu zaman kansu.

Inda abin yake da haɗari

Manhajar da ta ba talaka damar riƙe waya ita ce kuma ke kulle ta ranar da ba shi da ko sisi. Ga ɗan acaɓa ko mai sayar da kaya ta WhatsApp, kullewar waya na nufin ranar da ya fi buƙatar ciniki ita ce ranar da aka datse masa hanya.

Ga kuma tsada. A ɗauki misali kawai: wayar da kuɗinta hannu naira 120,000 ne, an ce a ba da 30,000 sannan a riƙa biyan 800 kullum na kwana 180. Jimilla 174,000 ke nan, wato ƙarin 54,000, kashi 45 cikin 100 a wata shida. Naira 800 tana da daɗin ji, shi ya sa ake tallata ta. Duk mai shirin karɓar irin wannan kaya ya buɗe kalkuleta ya ninka kafin ya sa hannu, ya kuma tambayi abin da zai faru idan ya yi kwana goma bai biya ba, da wanda zai ɗauki nauyin gyara idan kayan ya lalace kafin a gama biya.

An kuma ga yadda wasu manhajojin ba da bashi suka fake da sunan taimakon talaka, suka kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum suna tura wa 'yan uwansa saƙon cin mutunci. Abin ya kai ga hukumar kare masu saye ta FCCPC ta shiga tsakani, Google kuma daga ƙarshen Mayu 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane.

Kyakkyawar niyya ma ba ta isa ba. A kudancin Afirka an taɓa yayin PlayPump, lilon yara mai juyawa da ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alkawarin sama da dala miliyan 16 don yaɗa shi. Bayan 'yan shekaru sai aka tarar yara sun gaji da wasan, mata ne ke tura lilon da ƙyar, wanda ya lalace kuma sai ya yi watanni ba gyara. Masu biyan kuɗin suna can nesa, masu shan ruwan ba a tambaye su ba. Amfanin tsarin biya kaɗan-kaɗan shi ne, idan kaya bai yi aiki ba, mutane za su daina biya a makon, mai kamfani kuma zai sani nan take.

Ƙofofin da suke buɗe

Ta farko ita ce wakilci. Duk waɗannan kamfanoni suna neman wanda ya san gari, ya san mai biyan bashi da mai taurin bashi, yana jin Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, kuma ya iya sarrafa manhaja. Da ɗan gari akan ci gari. Jarin da ake buƙata waya ce da suna mai kyau. Wakili mai lura zai koyi abin da babu makarantar da ke koyarwa: dalilin da ke sa mutane daina biya.

Ta biyu gyara ce. Kowane farantin sola, inbata, batir da injin ban-ruwa da aka sayar zai nemi mai gyara wata rana. Wanda ya koyi gyaran waya a kasuwa irin Farm Centre ta Kano ya riga ya san mita da dalma da karanta allon lantarki, sauran abin da zai ƙara kaɗan ne.

Ta uku ita ce mallakar kaya ɗaya a ba da haya. Firiza mai sola ga masu kifi ko masu zoɓo, injin ban-ruwa mai sola da manoman rani za su riƙa karɓa awa-awa, injin casar shinkafa ko sussukar masara da ke zagaya ƙauyuka da kaka. Matasa uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su fara da guda ɗaya.

Ta huɗu ta masu rubuta manhaja ce. Ƙananan dillalan sola da ƙungiyoyin manoma da yawa har yanzu a littafi suke rubuta bashi. Suna buƙatar abu mai sauƙi da zai nuna wanda ya biya, wanda ya makara, ya kuma tura tunatarwa. Kayan aikin suna nan: Paystack, Flutterwave ko Monnify don karɓar kuɗi, Africa's Talking don USSD da tes, KoboToolbox ko ODK don tattara bayanai inda babu sabis. Mai gina wa karkara ya tuna cewa wayar abokin cinikinsa ƙila ƙarama ce mai madannai, ko Android mai ƙaramar ma'ajiya, data tana da tsada, kuma da yawa sun fi gane saƙon murya da Hausa a kan dogon rubutu. Manhajar da ba ta aiki sai da intanet mai ƙarfi ta faɗi tun kafin ta bar gari.

Akwai kuma tambayar da mai sayar da kaya bashi a Arewa zai sha ji tun ranar farko: akwai kuɗin ruwa a ciki? Mutane da yawa za su juya baya idan amsar ba ta fito fili ba. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna sayen kaya su sayar a kan farashi ɗaya sananne da za a biya kashi-kashi, ba ya ƙaruwa. Wanda ya tsara cinikinsa a fayyace haka, ya kuma nemi shawarar masana kafin ya fara, ya rage wa kansa gardama.

Batun jari da rajista

Gidauniyar Tony Elumelu tana ba da horo da jarin dala 5,000 ga waɗanda aka zaɓa tun daga 2015, ana kuma buɗe neman shiga a farkon kowace shekara ta shafin TEFConnect, kyauta. Dokar kamfanonin fasaha masu tasowa da aka sa wa hannu a Oktoba 2022 ta tanadi shaida ta musamman ga kamfanin da bai wuce shekara 10 ba, ƙarƙashin kulawar NITDA, wadda ke buɗe hanyar samun sassaucin haraji. Kafin duk wannan sai an yi rajista da CAC. Wanda zai riƙe sunaye, lambobi da tarihin biyan mutane kuma ya sani cewa dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kansa. Duk wanda ya ce a tura masa kuɗi kafin ya "saka sunan mutum" a wani tallafi, ɗan damfara ne.

Sai dai masu ba da jari ba su cika tambayar kyawun manhaja ba. Suna tambayar mutum nawa suka biya, nawa suka dawo, da nawa ya rage bayan an cire kuɗin gyara da sufuri da albashi.

Saboda haka gwajin farko bai buƙatar layin kod ko ɗaya. Matashi ya zaɓi matsala ɗaya a kasuwa ɗaya, ya ari ko ya yi hayar kayan aiki guda ɗaya, ya sami mutum ashirin, ya buɗe littafi da rukunin WhatsApp. Ya yi kwana talatin yana rubuta wanda ya zo, nawa ya biya, da wanda ya daina zuwa. Sannan ya bi waɗanda suka daina ɗin har inda suke ya tambaye su dalili. Idan a ƙarshen wata mutanen suna dawowa da kansu, kuɗin da ya shigo ya rufe na kashewa, kuma mai tumatir ko tela zai iya faɗin nawa ya ƙaru da shi, to lokacin buɗe kwamfuta ya yi.